Bakin da ke jawo kisa daban, bakin da ke ɓata wa gwamna rai daban

Ina shagon yayana a Kantin Kwari ranar da bidiyon Uromi ya fara yawo a wayoyi. Ƙarshen azumin 2025 ne, kasuwa ta cika maƙil ana ta cinikin kayan sallah, 'yan dako na ta faman a ba su hanya da dilolin atamfa a ka, sai kawai layinmu ya yi tsit, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Mafarauta 16 ne, galibinsu 'yan nan jihar, sun taso daga Fatakwal za su zo gida sallah, 'yan banga suka tare motar da suka hau a garin Uromi na jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, aka ɗaga murya aka ce masu garkuwa da mutane ne. Shi ke nan fa. Ba alƙali ba shaida ba tambaya, aka kashe su aka cinna musu wuta. Ni wallahi har yau ban iya ƙarasa kallon bidiyon nan ba.

Da daddare bayan an sauko daga tarawi sai ga wani odiyo a guruf ɗin unguwarmu. Muryar namiji ce, babu suna babu hoto, yana magana a nutse kamar mai karanta sanarwar ɗaurin aure, wai jinin 'yan'uwanmu ba zai tafi a banza ba, mun san inda nasu suke zaune a Sabon Gari, mun san shagunansu. Wanda ya turo odiyon ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Na kira shi a take na ce kai, ka saurari abin da ka tura kuwa? Ya ce "Yaya ai ni ma turo min aka yi, kuma ai gaskiya mutumin ya faɗa, kullum mu ake kashewa." Na ce to na Sabon Gari ne suka kashe su? Ya yi shiru. Ya goge dai daga baya, amma kafin ya goge mutane sun riga sun sauke sun tura gaba, guruf ne mai mutum sama da 200.

Allah Ya tsare, Kano ba ta kama da wuta ba a wannan karon, malamai sun yi magana, gwamnan Edo ma ya zo har nan ya yi ta'aziyya. Amma tun daga daren nan na daina yarda da masu cewa ai magana ce kawai, kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A Uromi kalma ce ta fara fita kafin a ɗauki sanda. A Kano kuma kalma ce ta so ta kai mu inda muka sha zuwa a baya, don garin nan ba baƙon irin wannan ba ne, an yi a 1953, an yi a 1966, an yi a 1991 lokacin zuwan Bonke, mai wa'azin Kirista ɗan Jamus, an yi a 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, an yi bayan zaɓen 2011 wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 cikin kwana 3 a jihohin Arewa 12. Tambayi duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan da idonsa, zai gaya maka kafin hayaƙi ya tashi sai da magana ta zaga, an ce an kashe namu a can, an ce ga motar gawarwaki nan an shigo da ita, an ce an ce. Yaran da suke fita da gora da fetur yawancinsu ba su san sunan garin da abin ya faru ba ma.

Ruwanda kuwa kowa ya san labarinta. Gidan rediyon RTLM ya yi wata da watanni yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana saka kiɗa mai daɗi yana barkwanci, matasa na sauraro a tasha da mashaya, da aka fara kisa a 1994 har sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya ake karantowa a iska. Kimanin mutum dubu 800 cikin kwana 100. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure masu gidan rediyon da mai wata jarida, mutanen da aikinsu magana ne da rubutu. Don haka idan tambayar ita ce shin akwai maganar da ta cancanci hukunci, amsata e ce, ba na ko ɗar.

Inda nake tsayawa cak shi ne wa zai riƙe wannan bulalar, kuma bayan wa za ta sauka.

A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na jihar Neja ya sake dawo da ƙudirin nan na kafa hukumar hana kalaman ƙiyayya, wanda a cikinsa aka ce idan maganarka ta yi sanadin mutuwar wani to hukuncinka rataya. A daidai lokacin kuma Sanata Muhammad Sani Musa, shi ma daga Neja, ya kawo nasa na soshiyal midiya. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka yi ta caccaka, duka biyun ba su zama doka ba. Mutane da yawa ratayar ce ta tsorata su, ni kuma abin da ya fi tsorata ni faɗin ma'anar ne, don da zarar ka ce "zagi" ko "cin mutunci" laifi ne ba tare da ka ɗaure kalmar tamau ba, to ka ba duk mai riƙe da kujera igiyar da zai ɗaure wanda ya dame shi. Kuma ba hasashe nake yi ba, an riga an yi dokoki a ƙasar nan, sai mu duba yadda aka yi da su.

Tun 1960 kundin Final Kod yake da sashe na 417 da ya haramta haddasa ƙiyayya tsakanin ɓangarorin jama'a. Dokar zaɓe ta 2022 sashe na 92 ta hana yaƙin neman zaɓe da kalaman da za su taɓa addini ko ƙabilar wani. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana da sashe na 26 kan cin zarafin mutane saboda ƙabila ko addini. Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. To amma wane sashe ne ya yi suna a dokar intanet ɗin? Na 24, wanda ake kama 'yan jarida da masu fostin da shi da sunan sun takura wa wani babba, har sai da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa kwaskwarima a 2024. A ƙarshen 2022 an ɗauko wani ɗalibi daga jami'ar tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja har gidan yari saboda layi ɗaya da ya rubuta a Twitter kan matar shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ɗalibai suka yi barazanar zanga-zanga aka janye ƙarar. A watan Nuwamban shekarar dai, a nan Kano, kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20-20 da tara da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda bidiyon barkwanci da suka yi kan gwamnan lokacin. A 2020 an ɗaga tarar da hukumar NBC ke cin gidajen rediyo da talabijin kan kalaman ƙiyayya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, kuma ba a jima ba aka ci wani gidan rediyo a Legas saboda hirar da ya yi da marigayi Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya. A 2021 an rufe Twitter gaba ɗaya wata 7, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani rubutu na marigayi shugaba Buhari.

Yanzu juya ɗaya ɓangaren. A watan Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa sun tsaya a Arewa House a Kaduna gaban kyamara sun ba ƙabilar Ibo gaba ɗayanta wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Gwamnan Kaduna na lokacin ya ce a kama su, har suka janye wa'adin da kansu a watan Agusta ba mu ga an gurfanar da kowa ba. A farkon 2021 Sunday Igboho, ɗan fafutukar Yarbawa, ya ba Fulanin Igangan a jihar Oyo wa'adin kwana 7, aka ƙone gidan sarkin Fulanin garin, ba a jima ba rikicin kasuwar Sasa a Ibadan ya biyo baya 'yan'uwanmu suka dawo gida a tireloli. A nan cikin garin, a kasuwar Ƙofar Wambai a 2016, an kashe wata dattijuwa 'yar kasuwa Kirista kan zargin ɓatanci, mutum 5 da aka kama aka sallame su bayan wata biyar. To ka ɗora waɗannan a kan sikeli. Wanda ya kira a kori al'umma guda yana gidansa yana shan shayi, wanda ya zolayi mai mulki yana kwance ana tsula masa bulala. Wannan hannun ne za a miƙa wa sabuwar doka mai rataya a ciki?

Na ga irin wannan a kusa da ni sosai. Akwai wani yaro a layinmu, ɗan wata bazawara mai sayar da ƙosai, da damina ruwa ya ci musu ɗaki saboda wata kwata da aka ce an ba da kwangilarta tun tuni ba a yi ba, ya ɗauki hoton ɗakin da katifa tana iyo ya saka a Facebook ya rubuta sunan wani ɗan siyasa ya ce masa ɓarawo azzalumi Allah Ya isa. Mabiyansa ba su kai 300 ba. Kwana biyu aka zo da mota aka tafi da shi. Uwar ta shigo gidanmu ba ko takalmi tana ce wa mahaifiyarmu "Hajiya ku taimake ni, shi kaɗai gare ni." Muka je caji ofis da wani dattijon unguwa, abin da aka rubuta masa ɓata suna da tunzura jama'a. Wace jama'a ya tunzura? Kwanansa 4 a sel, bai fito ba sai da ya yi bidiyon ban haƙuri yana karanta abin da aka rubuta masa a takarda, muryarsa na rawa. Kwatar tana nan yadda take. Mai odiyon Sabon Gari kuwa, wanda ya nuna wa matasa ƙofar gidajen mutane, ba mu ji ko an neme shi ba.

Kuma mu Kanawa bai kamata a koya mana wannan darasin ba, a garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Iyayenmu da kakanninmu sun ba mu labarin yadda 'yan doka ke kama mutum a kai shi gaban alƙalin En'e a ce ya zagi sarki ko ya yi taro ba izini, a yi masa bulala a tura shi gidan yari, Hajiya Gambo Sawaba kaɗai sau 16 aka ɗaure ta. Abin da Malam Aminu Kano da mutanensa suke faɗa a lacca shi ne akwai talakawa akwai masu danne su, kuma talaka ya daina yarda. Wallahi da a ce akwai hukumar hana kalaman ƙiyayya a wancan zamanin, da ita za a fara rufe bakin Malam, a ce yana haddasa gaba tsakanin talakawa da sarakuna, kuma a takarda za a ga kamar an bi doka. Yau kowane ɗan siyasa a Kano da sunan Malam yake tinƙaho, filin jirgi sunansa, asibiti sunansa, amma da yawansu ba za su iya jure rabin abin da 'yan NEPU suka faɗa wa masu mulkin lokacinsu ba. Haka a 1984 dokar soja mai lamba 4 ta ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda, ba don an tabbatar ƙarya suka rubuta ba, don dai labarin ya kunyata gwamnati.

To ina iyakar take? Tsarin mulkin 1999 a sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗar ra'ayinka, sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu, sai dai bai zana maka layin ba. Ƙasashe ma kowa da inda ya ja nasa. Amurka ta ja shi can nesa, kotun ƙolinsu a 1969, a shari'ar wani jagoran 'yan wariyar launin fata, ta ce ba a hukunta magana sai in kira ce a karya doka nan take kuma da alamar za a amsa kiran. Jamus da ta ga abin da bakin Hitila ya jawo ta ja nata kusa, tunzura ƙiyayya kan wata al'umma na iya kai mutum ɗaurin shekara 5. In tarihin zubar da jini ake dubawa mun fi kama da Jamus, in kuma yadda ake kama mutum a ƙasar nan ake dubawa, a tsare shi sati biyu kafin ya ga alƙali, to dole mu ƙuntata dokar iya ƙuntatawa. Akwai wani ma'auni da masana suka fitar a Rabat ta Maroko a 2012 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma da na karanta shi sai na ga abu ne da duk dattijon da ya taɓa raba faɗa ya sani ba sai an rubuta masa ba. Ka duba wa ya yi maganar, a wane yanayi, me yake nufi, da wane irin lafazi, mutum nawa ta isa gare su, kuma shin akwai yiwuwar a tashi a aikata. Malamin da ke kan mumbari ranar Juma'a gaban mutum dubu 5 washegarin da aka kawo gawarwaki, ba ɗaya yake da yaron da ke huce haushi a wayarsa da tsakar dare ba, ko da kalmominsu iri ɗaya ne. Na farkon nauyinsa ya ninka, amma a aikace na biyun ake kamawa.

Ni a wajena abin a fili yake. In ka ce gwamna ya gaza, ko sanata ɓarawo ne, ko sarki ya yi son kai, wannan ba kalaman ƙiyayya ba ne ko da ka haɗa da baƙar magana, mutum ɗaya ka taɓa, mai ofis da lauyoyi da masu magana da yawunsa, in ƙarya ka yi masa ya kai ka kotu ya nemi diyya, ba ya turo maka mota ba. Ghana ta soke ɗaure mutum kan ɓata suna tun 2001 kuma ƙasar ba ta rushe ba. In ka ce Fulani duk 'yan bindiga ne, ko Ibo duk macuta ne, ko 'yan Arewa duk 'yan ta'adda ne, ka faɗi mummunan abu kuma ka fara tara itace, ya kamata jama'a su yi maka ca, gidan rediyo ya kashe maka makirfo, wurin aikinka su ja maka kunne. In kuwa ka ce ku tashi ku ƙone rugar can, ko mun san shagunansu, ko kar a bar ko ɗaya, to kai mai laifi ne kamar wanda ya riƙe ashanar, a kama ka a gurfanar da kai a fili a ɗaure ka, ko kai wane ne, ko rawaninka ya kai ina. Addininmu ma ai bai haɗa su a kwando ɗaya ba. Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika kar a afka wa mutane cikin jahilci. Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa. Amma a Suratun Nisa'i, inda aka ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, nan take aka ware wanda aka zalunta. Yaron da ruwa ya ci ɗakin uwarsa yana cikin wannan togaciyar. Dokar da ba ta san da wannan bambancin ba ba zaman lafiya take karewa ba.

Akwai wata magana guda da nake ganin ta fi kowace haɗari a Arewa, kuma ba kasafai ake sa ta a lissafin kalaman ƙiyayya ba, ita ce mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya nuna wani ya ce ya yi ɓatanci. Ni Musulmi ne, taɓa janibin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi min ciwo a kan a taɓa iyayena, ba na neman afuwar kowa kan wannan. To amma saboda girman abin ne ya sa bai kamata ya zama makami a bakin kowane mai jin haushin abokin ciniki ba. Muna da kotunan shari'a a Kano tun 2000, muna da Hisbah, muna da malamai, wanda ya ji wani abu ya san inda zai kai. Wanda ya zaɓi ya yi ihu a cikin taro maimakon haka ya san sarai abin da zai biyo baya cikin minti 5, ya yanke hukunci ya zartar ba tare da ya ɗaga hannu ba. Mahaucin da aka kashe a Sakkwato a 2023 Musulmi ne, a wurin sana'arsa, gaban mutanen da suka san shi. Kalmar da aka jefa masa da wadda aka jefa wa mafarautanmu a Uromi aikinsu ɗaya, su cire mutum daga sahun waɗanda ake saurara. In za a yi doka, ni daga nan nake so ta fara, mai ihun ya tsaya gaban alƙali tare da masu jifan.

Sannan mu ma mu duba bakinmu, don laifi tudu ne. Muna jin zafi idan aka kira mu aboki a kudu da sigar raini, kuma muna da gaskiya, amma a nan yaro na tasowa yana jin arne da nyamiri a bakin manya kamar sunan yanka, ba wanda ke tsawatarwa. Bahaushe ɗan'uwanka ma da ba Musulmi ba ka san sunan da ake kiransa da shi. Tsakaninmu Musulmi kuwa abin ya fi muni, buɗe TikTok ka ga yadda ake yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu, wannan ya kafirta wancan, wancan ya ce wannan ɗan wuta ne, almajirai na ta zuba zagi a kwamen, Izala da ɗariƙa da Shi'a kowa da sojojinsa, alhali a layi ɗaya muke zaune muna auren juna. Ga sojojin baka a rediyo da daddare, ka hau adaidaita sahu ka ji mutum ya sayi minti 5 yana tona asirin iyalin wani yana ambaton uwarsa, direba na dariya fasinja na dariya, gobe na ɗaya gidan ya zo ya rama, jibi 'yan jagaliya su haɗu a wurin ɗaurin aure a zubar da jini. Abin ya ishi kowa. Amma da gwamnatin jiha ta sanar a watan Mayun 2025 cewa ta dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye, ban yi murna ba, don na san wanda ke kan mulki yau shi ne ɗan adawar jiya, kuma da rediyon nan ya yi yaƙinsa har ya hau. Gidajen rediyon su ya kamata su tace, suna da editoci, sun san wanda ke zuwa da hujja da wanda ke zuwa da ashar, kuɗin fili ne ke rufe musu ido.

Su kuma kamfanonin da muke zuba duk wannan a dandalinsu ba su damu da mu ba. Ka kai ƙorafin rubutun Hausa da ke kiran a kashe mutane ƙarara, a dawo maka da amsa wai bai saɓa ƙa'ida ba, saboda na'urar ba ta jin habaici, ba ta san me ake nufi da "a yi musu aiki" ba. Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba a Myanmar lokacin da ake amfani da shi ana hura wutar ƙiyayya kan Musulmin Rohingya. In gwamnati na neman wanda za ta matsa wa, ga su nan, ta tilasta musu ɗaukar masu jin Hausa da Fulatanci da sauran harsunanmu aiki, maimakon rufe dandalin gaba ɗaya ranar da aka taɓa shugaba.

Abin da zan goyi baya doka ce 'yar ƙarama mai kaifi ɗaya, wadda ta tsaya kan kira ga kisa ko kora ko ƙona dukiyar mutane saboda ƙabilarsu ko addininsu ko aƙidarsu, da jefa wa mutum zargin da ke tara masa taron kisa. A rubuta a cikinta ɓaro-ɓaro cewa sukar mai riƙe da muƙami ba ta ciki komai zafinta. Babu rataya, don ƙasar da ake kama mai kama da wani ba ta da hurumin rataye mutum kan lafazi. Alƙali ne zai ce an yi laifi, ba hukumar da shugaban ƙasa ya naɗa shugabanta ba, kamar yadda babbar kotun tarayya ta gaya wa NBC a 2023 cewa ita ba kotu ba ce da za ta ci tara. Kuma shari'ar farko da za a yi da ita ta zama ta wani shafaffe da mai, ɗan siyasa ko malami ko jagoran ƙungiya, a haska a talabijin kowa ya gani. Ranar da na ga haka zan yarda da gaske ake. Kafin nan duk wanda ya zo min da maganar sabuwar hukuma, fuskar yaron layinmu nake gani yana karanta takardar ban haƙuri.

Maƙwabcin shagon yayana a Kwari Ibo ne, leshi yake sayarwa, ya fi shekara 20 a Kano, 'ya'yansa duk a nan aka haife su, Hausarsu ta fi ta wasunmu. Washegarin bidiyon Uromi bai buɗe shago ba, a kwanakin da kowa ke samun cinikin shekara. Bai dawo ba sai bayan sallah da kwana 5. Da ya zo muka gaisa ya yi mana barka da sallah, ya yi mana ta'aziyyar mafarautan, ya ce abin da aka yi musu Allah ba zai bari ba. Sai da yayana ya fita salla ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Alhaji, ni ma an turo min odiyon nan fa." Ashe matarsa da yaran tun daren ya sa su a motar dare zuwa Onica, ƙaramar 'yarsa tana kuka wai ita ba ta san kowa a can ba. Ya ciro waya ya nuna min, odiyon dai ne, da alamar nan ta cewa an tura shi sau da yawa a samansa. Ya tambaye ni ko yanzu ya dawo da su, makaranta za ta koma.